Haƙoran robar Mama ba sa zama: laifin awo ne ko na dasashi?

Assalamu alaikum 'yan uwa. Wata uku da suka wuce aka cire wa mahaifiyata sauran haƙoranta na ƙasa, bayan sati uku aka yi mata na roba. Sau ɗaya aka ɗauki awon bakin, da wani abu mai kama da ƙullu da aka zuba a ƙaramin tire aka danna mata. Yanzu in ta yi magana sai su ɗaga, in tana tauna su goge mata dasashi har ya yi miki. Ta daina cin abinci a gaban mutane, abin yana ci mini rai. Ƙanena ya ce mu kankare gefen da ke cin ta da abin gyaran farce. Me kuke gani?

Wani mai haɗa haƙoran roba:
Wa alaikumus salam. Don Allah 'yar uwa ki hana shi, abin da aka kankare ba ya dawowa. Ƙullun da kika gani da alama aljinet ne, daga ciyawar teku ake samo shi. Ruwa ne ya fi yawa a jikinsa, shi ya sa in an bar shi a iska sai ya tsuke, in an jiƙa shi ya kumbura. Dole a zuba masa filasta, wani farin gari da ake kwaɓawa ya daskare ya fitar da siffar bakin, cikin 'yan mintuna, in ya jima kuwa siffar ta canja ke nan, haƙoran da za a gina a kai ma haka. Ga bakin da babu haƙori, mu awon farko kawai muke ɗauka da aljinet. Da shi ake ƙera tire daidai bakin mutum, a gyara gefensa yana motsa leɓe da harshe, sannan a ɗauki awo na biyu da silikon, wani abu mai kama da roba, ko manna mai sinadarin zink da man kanumfari. Silikon yakan yi kwanaki bai canja ba. Ki tambaya ko an yi wannan na biyun.

Wata likitar haƙori:
Gaskiya ya faɗa, sai dai kada mu ɗora wa awo laifin duka. Bayan cire haƙori ƙashin muƙamuƙi yana janyewa, musamman a wata 3 zuwa 6 na farko. Bakin da aka auna a sati na uku ba shi ne bakin Mama na yau ba. Galibi ba sai an yi sababbi ba, ana ƙara wa cikinsu shimfiɗa su sake kama dasashi. Mikin kuma in ya wuce sati 2 bai warke ba bayan an gyara, a koma a duba shi da kyau.

Wata baiwar Allah:
'Yata, shekarata takwas da nawa. Na ƙasa sun fi na sama wuyar zama, harshe yana ture su, kuma ba su da ganɗa da za su manne. Ki ce wa Mama ta riƙa cire su da dare, kada kuma ta sa su a ruwan zafi, lanƙwashewa suke yi.

Mai tambaya:
Allah Ya saka da alheri. To ta ajiye su gaba ɗaya har ranar ganin likita?

Likitar haƙori:
Ta huta da su mikin ya lafa, amma ranar zuwan ta sa su na 'yan awanni kafin ku isa. Jan da zai fito a dasashi shi zai nuna wa likita inda yake cin ta.