Aikin hannu na bukukuwan Yahudawa ga 'yan firamare, a taimaka da shawara

Malamar Zane:
Salamu alaikum jama'a. Ina koyar da zane a wata makarantar firamare ta Yahudawa a nan Amurka. Shugabar makaranta tana son duk biki yara su koma gida da abin da suka haɗa da hannunsu. Da Sukkot, bikin bukkoki, mun yi sarƙoƙin takarda masu launi, aka rataye a bukkar da ake kafawa. Yanzu Hanukkah, bikin kunna kyandir, ta gabato, bayanta Purim da Pesach (Idin Ƙetarewa). 'Yan shekara 6 zuwa 8 ne, kuɗin kaya kuma kaɗan. Me za mu yi wanda iyaye za su yi amfani da shi da gaske?

Baƙon Landan:
Malama, ku yi hanukkiya, mazaunin kyandir mai gurbi 9. Ki samo tayil, yara su fente shi, ki manna notin ƙarfe a kai. Amma fa guda 8 su jeru a layi ɗaya, tsayinsu ɗaya. Na 9, shamash, wanda ake kunna sauran da shi, ki ɗora masa noti biyu ya fi su tsawo. Ban da kwali da katako, dare 8 za a yi ana kunna wuta a kai.

Uwar Biyu:
Ni dai dreidel na fi so, 'yar katantanwar nan mai gefe huɗu. A mulmula ta da yumɓu, a rubuta haruffan Ibrananci nun, gimel, hei da shin, ɗaya a kowane gefe. Na Purim kuwa ba wahala: faranti biyu na takarda, a zuba wake a tsakiya a ɗinke, a kaɗa ya yi ƙara in an ambaci mugun nan Haman wajen karanta labarin Sarauniya Esta. Ki dai bar shi sai ƙarshen darasi, don kunnenki.

Tsohon Malami:
'Yar uwa, Pesach ce mai tarko. Ba a barin chametz, wato abincin alkama da danginta da ya kumbura, a gida lokacin bikin, don haka taliyar da yara ke mannawa a takarda da gam ɗin da ake damawa da fulawa duk ki ajiye su. Ku yi jakar yadi mai aljihu uku ta saka matza, burodin nan marar yisti. Sannan kar yara su kwafi sunan Ubangiji da Ibrananci a kan aikinsu, irin wannan takarda ba a zubar da ita a shara, geniza ake kai ta, wato ma'ajiyar rubuce-rubuce masu tsarki.

Malamar Zane:
Na gode ƙwarai. Baƙon Landan, wane gam ne ke riƙe noti a kan tayil in ya ji zafi?