Kullen korona da buɗe makarantu a Kano: me za a riƙe, me za a gyara?

Sakataren Kwamiti

Assalamu alaikum. Kwamitin kula da makarantar firamaren unguwa ne ke son rubuta tsarin da za a bi idan wata annoba ta sake sa aka rufe makarantu, kamar yadda korona ta yi a 2020. Makarantar tana da yara kusan 1,000, ajujuwa 12, babu famfo, sai rijiya da 'yan garuwa. Don Allah masu sani su fayyace mana: a cikin matakan da aka ɗauka a Kano wancan lokacin, wanne ne ya yi amfani, wanne ne ɓarnar kuɗi? Kuma ranar buɗewa, me ya kamata a ce yana ƙasa kafin yaro na farko ya shigo ƙofa?

Jami'in Sa Ido Kan Cututtuka

Wa alaikumus salam, Malam Sakatare. Sai an fara tuna yadda abin ya gudana, domin a nan darasin yake. An rufe makarantu cikin Maris 2020, tun kafin a tabbatar da mutum na farko a Kano ranar 11 ga Afrilu. Gwamnatin jiha ta sa kulle daga 16 ga Afrilu, sannan ranar 27 ga wata Shugaba Buhari ya ayyana cikakken kulle na mako biyu a Kano, ana farkon azumi. Daga baya aka riƙa sassautawa na sa'o'i shida a ranakun Litinin da Alhamis don mutane su yi cefane, kuma kowa ya ga yadda kasuwanni suka riƙa cika a waɗannan ranaku. Cunkoson da aka hana kwana biyar sai ya taru a sa'o'i shida.

Babban giɓin shi ne gwaji. Ɗakin gwaje-gwaje na Asibitin Koyarwa na Aminu Kano ya tsaya na wasu kwanaki a ƙarshen Afrilu, daidai lokacin da masu haƙar kabari ke cewa gawarwaki sun yi yawa. Wuraren killacewa akwai su, a Kwanar Dawaki da Giginyu da filin wasa na Sani Abacha, amma ba ka killace wanda ba ka gano ba. Da tawagar gwamnatin tarayya ƙarƙashin Dakta Nasiru Sani Gwarzo ta bi gida-gida tana tambayar dangin mamata alamomin da suka gani, Ministan Lafiya na lokacin Osagie Ehanire ya bayyana a watan Yuni cewa mutum 979 ne suka rasu a ƙananan hukumomi takwas na cikin birni, kuma kashi 50 zuwa 60 cikin ɗari na da alaƙa da korona. Fiye da rabinsu a gida suka cika. Ma'ana labarin ciwo bai isa hukuma ba sai a maƙabarta.

Kuskure na biyu shi ne kwashe almajirai a mota ana mayar da su jihohinsu ba tare da gwaji ba. A Kaduna, cikin 169 da aka gwada 65 na ɗauke da cutar, a Jigawa 91 cikin 168. Duk wanda zai rufe makarantar kwana ko tsangaya ya riƙe wannan: idan cuta ta riga ta shiga, sallamar yara rarraba ta ne zuwa ƙauyuka. A tsayar da su a inda suke, a ciyar da su, a gwada, a jira kwana 14.

Abin da ya taimaka kuwa shi ne tsarin da yaƙi da shan inna ya bari: jami'in sa ido a kowace ƙaramar hukuma cikin 44, mata masu shiga gidaje, masu unguwanni da dagatai da suka saba kai rahoto. Ku jingina da wannan. A shafin farko na tsarinku ku rubuta lambar jami'in sa ido na ƙaramar hukumarku da ta mai kula da asibitin sha-ka-tafi mafi kusa. Ku naɗa malami ɗaya da zai riƙa duba rajista kowace safiya, yana rubuta wanda bai zo ba da dalili. Yara uku ko fiye a aji ɗaya da alama iri ɗaya cikin mako guda, a kira ranar, kada a jira taron kwamiti.

Dubagari

Ranka ya daɗe Sakatare, ni zan tsaya a kan ruwa, saboda nan ne lissafi ke rushewa. An raba bokitai masu famfo da yawa a 2020, amma bokiti ba ya cika kansa. Wanke hannu ɗaya a ƙaramin famfo yana cin kamar rubu'in lita idan an rufe famfon yayin cuɗa sabulu. Yara 1,000, sau huɗu a rana (shigowa, bayan bayan-gida, kafin cin abinci, tashi), lita 1,000 ke nan, wato jarka 40 mai lita 25 kullum. Ku tambayi ɗan garuwa kuɗin jarka 40, ku ninka da kwanakin zango, ku san wanda zai biya tun kafin a buɗe. Idan babu amsar wannan, bokitan za su zama ado a mako na biyu.

Sai lokaci. Cuɗa hannu aƙalla daƙiƙa 20 ne, da ɗauraya ya kai 30, don haka famfo ɗaya yara biyu yake ɗauka a minti. Famfo huɗu a bakin ƙofa sai sun yi fiye da awa biyu kafin su gama da yara 1,000, kuma layin da za a yi shi kansa cunkoso ne. Ku sa biyu a ƙofar kowane aji, 24 ke nan, a gama cikin minti 20 da ɗoriya. A sa baho a ƙasa ko a haƙa ɗan rami a cika da tsakuwa, kada ruwa ya kwanta sauro ya samu gida. Sabulun sanda ɓacewa yake yi. Omo cokali biyu manya, kimanin giram 30, a gorar ruwa mai lita ɗaya da rabi, a huda murfin, ya fi arha kuma ba wanda zai ɗauke.

Kulorin na goge benci da mariƙin ƙofa ƙarfinsa kashi 0.1 cikin ɗari ne. Ku duba jikin kwalbar bilic ɗin. Idan an rubuta kashi 3.5 cikin ɗari, kofi ɗaya na bilic za a zuba a kofi 34 na ruwa. Idan garin kulorin ne mai ƙarfin 70, giram ɗaya da rabi a lita. Don jini ko amai, 0.5 ake so: bilic ɗaya, ruwa shida. A fara wanke datti da ruwan omo, domin ƙazanta tana kashe ƙarfin kulorin, sannan a shafa a bar shi jiƙe aƙalla minti ɗaya. A haɗa sabo kowace safiya a bokitin roba mai murfi, a ajiye a inuwa. Kada a taɓa gauraya shi da wani sinadarin wanke bayan-gida, hayaƙin da yake fitarwa yana illata huhu. Kada kuma a fesa wa yara a jiki.

Feshin da aka yi ta yi wa makarantu kafin buɗewa, gaskiya bai taɓa korona ba. Ginin da ya yi wata shida a rufe babu ƙwayar cutar a cikinsa, kwanaki kaɗan take rayuwa a kan abu. Abin da ke cikin irin wannan gini bayan damina shi ne ciyawa, macizai, kunamu, rufin da ya yoye, masai da ya cika, da rijiyar da ta gurɓata. A sa kuɗin a nan.

Malamar Aji Shida

Malam Dubagari ya gama da ruwa. Ni lissafin benci zan kawo, don tazarar da aka rubuta a takarda ba ta shiga ajujuwanmu. Ɗauki aji mai mita 7 a mita 8, ka bar mita 2 a gaba don malami da allo. Idan mita 2 za a sa tsakanin yaro da yaro, yara 16 ne kawai za su zauna. Idan mita ɗaya ce tsakanin kafaɗa da kafaɗa, 25. Ku kuna da yara sama da 80 a kowane aji. Ajujuwa 12 sau 25, yara 300 a lokaci guda. Ko an yi safe da yamma, 600 ne. Sai an haɗa da rabon kwanaki sannan za a samu rukuni huɗu na 250.

Hakan aka gwada da aka buɗe a 11 da 12 ga Oktoba 2020: ƙananan azuzuwan firamare wasu ranaku, manya wasu ranaku. Masu jarrabawar fita su aka fara mayarwa tun Agusta, WAEC ta fara ranar 17 ga watan. Sai a tsakiyar Disamba aka sake rufewa saboda zagaye na biyu na cutar, aka dawo 18 ga Janairu 2021.

Wannan rabon yana da matsaloli uku. Gida ɗaya yana da yara a rukuni daban-daban, kuma babba ce ke raka ƙanana, don haka ku raba bisa gida ko unguwa gwargwadon iko. Zangon yamma yana karo da Islamiyya, sai an zauna da malamanta an daidaita, in ba haka ba yaran da kuka raba da safe za su haɗu da la'asar a ɗaki ɗaya. Sannan malamin da ya koyar da safe shi ne zai koyar da yamma, kuma babu wanda ya yi masa lissafin wannan.

Ina roƙon kwamiti ya rubuta ɓarnar rufewar ita ma. Wata shida da ɗoriya yara na gida. Darussan rediyo da talabijin sun taimaki wanda ke da mai zaunar da shi, amma ɗan aji biyu ba ya koyon haɗa baƙi da wasali daga rediyo. Wasu 'yan mata sun tafi talla ko aure ba su dawo ba, maza sun shige kasuwa da gareji. Makon farko a gwada kowane yaro a karatu da lissafi, minti biyar-biyar, a zaunar da su bisa abin da suka iya na mako shida kafin a koma manhaja. A ɗauki rajistar kafin rufewa, duk sunan da bai bayyana ba cikin mako biyu a bi shi gida tare da mai unguwa da ƙungiyar iyaye mata.

Likitan Yara

Na yarda da Hajiya Malama, kuma zan ƙara da cewa a korona an fi kashe ƙarfi a goge-goge alhali cutar ta iska ta fi bi. Ɗaki mai rufaffun tagogi da mutum 80 suna karatu da ƙarfi ya fi benci marar gogewa haɗari nesa ba kusa ba. Tagogin ɓangarori biyu su kasance a buɗe, da ƙofa, don iska ta ratsa. Duk tagar da aka toshe da bulo ko kwano saboda ɓarayi a buɗe ta a sa mata ƙarfe. Fanka a rufaffen ɗaki juya iskar kawai take yi. Da hunturu yara za su rufe tagogi saboda sanyi da ƙura, nan ne ake samun matsala, sai a ce su zo da rigar sanyi, a kuma fitar da kowa minti goma bayan kowane darasi biyu. Inuwar darbejiya aji ce mai kyau, ta fi kowane ɗaki iska, kuma tana rage muku lissafin Malama.

Na'urar auna zafi ta goshi kada a dogara da ita. Yara da yawa suna ɗauke da cutar ba zazzaɓi, mutum kuma yana yaɗa ta kwana biyu kafin alama ta fito. Yaron da ya tako cikin rana zai nuna zafi na ƙarya, na'urar kanta tana rikicewa idan ta daɗe a rana. In za a yi amfani da ita, a inuwa, yaro ya huta minti biyar, a riƙe ta santimita 3 zuwa 5 daga goshi, a maimaita idan ta kai digiri 37.5. Ku tuna Oktoba ƙarshen damina ne, yawancin zazzaɓin na cizon sauro ne, don haka a tura asibiti a gwada, kada a yi wa yaro tambari.

Takunkumi: 'yan ƙasa da shekara shida ba a sa musu. Na yadi mai ninki uku, kowane yaro biyu, a wanke kullum. Waɗanda suka fi shiga haɗari malamai ne masu shekaru ko masu ciwon suga da hawan jini, da kakannin da ke gida. A ba irin waɗannan malamai ajin waje ko aikin ofis.

A ware ɗaki ɗaya mai taga da tabarma da bokitinsa. Yaro ya nuna alama, a sa masa takunkumi, a kai shi can, a kira iyaye da jami'in sa ido, a rubuta sunayen waɗanda ke bencinsa da na gaba da na baya. Ajin za a iya dakatarwa, ba makarantar duka ba, muddin rukunonin ba sa cakuɗuwa a lokacin tara.

Sakataren Kwamiti

Allah ya saka da alheri. Likita, wannan tsarin zai yi aiki ga kowace annoba, ko korona kawai?

Likitan Yara

Ruwa, rajista da lambar jami'in sa ido na kowace annoba ne. Sauran ya danganta da hanyar yaɗuwa. Kwalara ta ruwan sha da masai take bi, tazarar benci ba ta da amfani a kanta. Mashaƙon da ya addabi Kano a 2023 yara ya fi kamawa, akasin korona, kuma yana da rigakafi tun da daɗewa, don haka a can aikin shi ne duba katin allurar kowane yaro da gayyato ma'aikatan rigakafi cikin makaranta. Ku ƙara shafi a rajistar shiga aji ɗaya: an ga katin rigakafi ko ba a gani ba, allura nawa aka yi. Waɗanda ba su da kati a haɗa sunayensu a miƙa wa asibitin unguwa tun zangon farko.