Muhawara: Shin lokaci ya yi da 'yan fim za su daina cewa "kaset" da "faifai"?

Mai haɗa hoto: Jama'a, ni a ganina ya kamata a ajiye kalmomin nan. Kyamarar yau kati take ci, ba kaset ba. Amma furodusa zai ce "a ba ni faifan", edita ya rasa wanne ake nufi: babban fayil na asali, ko wanda aka matse don YouTube?

Malamin Hausa: Ban yarda ba. Faifai asalinsa na rufe ƙwarya ne, aka ara wa garmaho, daga baya aka ara wa CD. Majigi kuwa tun zamanin Turawa ake kiransa haka, lokacin da mota ke yawo gari-gari tana haska bango, yau ma na'urar haska hoto majigi ce a bakin kowa. Wa ya taɓa ruɗewa?

Mai haɗa hoto: Malam, in hira ce babu laifi. Wurin aiki ake tafka asara. Hoton VCD ɗigo 352 ne a faɗi, 288 a tsayi, kuma faifai ɗaya bai wuce minti 80 ba. Na DVD 720 a 576. Gidan sinima na zamani kuwa DCP (ƙunshin fayilolin fim na sinima) yake karɓa a rumbun ajiya, yawanci girman hotonsa 2048 a 1080, hoto 24 a daƙiƙa. Wanda ya ɗauka a 25, in aka mayar 24 fim zai ƙara tsawo da kusan kashi 4 cikin 100, murya ta yi kauri sai an gyara. Duk waɗannan ka kira su "faifai", ta yaya za a san abin da za a kawo?

Dillaliyar fina-finai: Ku bar batun girman hoto, ku dubi takardar ciniki. Da can furodusa yana sayar wa 'yan kasuwar Ƙofar Wambai ta Kano haƙƙin kaset, magana ta ƙare. Yau in aka rubuta haka, mai saye zai ce har da ɗorawa a intanet, mai fim ya ce a'a. A rubuta kowanne daban: sinima, talabijin, YouTube, masu tura fim a waya, da tsawon wa'adin kowanne.

Tsohon mai nuna fim: Hajiya ta yi gaskiya. Ni "kwafi" ce ta fi damuna. A kaset na VHS duk kwafi yana rage kyan hoto, shi ya sa ake neman orijina. Fayil kuwa ko sau ɗari aka kwafa bai canzawa. Abin da ke ɓata shi matsewa ce: a tura ta WhatsApp a matsayin bidiyo, manhajar ta rage shi. A tura shi a matsayin takarda, ko a kebul.

Malamin Hausa: To Baba, ai duk ba ku ce a kashe kalmar ba. A takarda a fayyace, na amince. Amma mai kallo zai ci gaba da cewa faifan bidiyo.

Mai haɗa hoto: Mai kallo ya faɗa. Furodusa dai in zai karɓi aiki, ya ambaci nau'in fayil, girman hoto da adadin hoto a daƙiƙa, a rubuce.