Rashin kujera ne ya durƙusar da Ikinari Steak a New York?

Mai Tukuba: Ina nan a kan bakana, cin nama a tsaye ne ya karya Ikinari Steak, gidajen gasasshen naman shanun nan na Japan. A unguwar Ginza ta Tokyo, inda aka fara a Disambar 2013, ma'aikaci zai shigo, a yanka masa nama giram 300 a gabansa, a auna, a gasa, a miƙo masa a farantin ƙarfe mai zafi, ya ci a tsaye ya koma aiki. Shi kuwa Ba'amurke gasasshen naman shanu abin zama ne a wurinsa, ana ci ana hira.

Akanta: Malam, ai daga baya sun zuba kujeru, bai hana rufewa ba. Lissafin ne ya ƙi. A yawancin gidajen abinci kuɗin cefane kusan kashi 30 ne cikin ɗari na ciniki, nasu kuwa ya haura rabi. Ribar faranti ɗaya 'yar kaɗan ce, sai an yi ta shiga ana fita. A ce wurin na ɗaukar mutum 40: in kowa ya gama cikin rabin awa, ka sallami 80 a awa guda. In suka zauna awa cur, 40 ke nan, kuma mai haya a Manhattan, tsakiyar New York, ba zai rage maka ko dala ɗaya ba.

Mai Tukuba: To ai maganata ka ƙarfafa, Yallaɓai. A tsaye ba sa so, a zaune ba riba.

Hajiya Mai Abinci: Ku biyun kun bar jaki kuna dukan taiki. Shagonsu na farko a New York, a unguwar East Village, ya buɗe a Fabrairun 2017, har layi ake yi. Kafin shekara biyu sun kai 11, duk a gari ɗaya. A Fabrairun 2019 kamfanin Pepper Food Service, mai shagunan, ya ce zai rufe 7. Masu sayen ba su ninku sau 11 ba, shagunan ne suka riƙa ƙwace wa juna ciniki. Kuma hannu ba ya ƙwarewa da gaggawa. Mai yanka in ya zarce nauyin da aka nema, sai ya datse, guntun ya zama asara. Mai gashi in ya manta cewa farantin ƙarfe na ci gaba da dafa naman, ya bari ya nuna sosai a wuta, kafin a kai rabin faranti ya yi tauri.

Akanta: Hajiya ta kawo hujja. Ko a Japan, inda cin abinci a tsaye ba baƙon abu ba ne, sun kusa shago 500 a 2019, sai ga sanarwar rufe 44.

Mai Tukuba: Na Japan na yarda, zari ne. Amma Hajiya, in tsayuwar ba matsala ba ce, me ya kai su sayen kujeru?

Hajiya Mai Abinci: Har a Japan ɗin sun sa kujeru, Malam, kuma da kujerun suka kai ɗaruruwan shagunan.