Me za mu kira abin da ake gina shi da yumɓu amma ba tukunya ba ne?

'Yan uwa, ƙanwata da ke karatun zane a Zariya ta kawo wani aikinta gida Kaduna: macijin rijiyar Kusugu ya naɗe, an gina shi da yumɓu an gasa. Inna ta tambaya ko mene ne, sai muka yi ta kame-kame. A makaranta "ceramic sculpture" suke cewa. Ina so mu tsayar da namu sunan.

Gunki ne ya fara zuwa baki, kuma shi na fara ƙi. Gunki abin bauta ne. Duk yarinyar da aka ce tana yin gumaka, an kashe mata sana'a a unguwa kafin ta fara.

Sassaƙa ma ba ta zauna ba. Masassaƙi ragewa yake yi, ya fafe itace har turmi ya fito. Mai yumɓu kuwa ƙarawa yake, curi kan curi, shi ya sa tun asali muke cewa ginin tukwane.

Mutum-mutumi ya fi ba ni wahala, don ana jin sa a rediyo. Amma kalmar ta tsaya ga siffar mutum, kuma da ita ake kiran abin korar tsuntsaye a gona. Kan mutum na yumɓu da aka samo a yankin Jama'a, da ya kai hannun Bature mai binciken kayan tarihi Bernard Fagg a 1943, wanda ya sa aka gane al'adar Nok ta kudancin jihar nan, sai da ya yi aikin korar tsuntsaye a gonar doya. Ba na so sunan ya mayar da shi can. To ina kuma za mu sa ƙadangare, kunama, kifi da kada, irin waɗanda shahararriyar mai ginin tukwane Ladi Kwali ta riƙa zanawa a jikin randunanta, idan magini ya fitar da su su tsaya da kansu? Masu aikin yau daga nan suke ɗebowa: daji, tsofaffin ayyuka, da tatsuniya.

Shawarata: sana'ar a kira ta ginin siffa, mai yi maginin siffa, abin da ya fito siffar yumɓu. In an shafa masa ruwan ƙyalli an sake gasawa, siffar tangaran.

Wani ya ce mini "ginin yumɓu" ya fi sauƙi. Gaskiya ne, sai dai mai sauraro zai ɗauka ɗaki ake nufi.

Na gwada a baki: "Mun je gidan tarihi na titin Ali Akilu mun ga siffofin yumɓun Nok." "Ta gina siffar Gizo da Ƙoƙi." Inna ba ta nemi bayani ba, cewa kawai ta yi a ɗauke macijin daga kusa da randar ruwa.

Masu ginin tukwane, musamman iyayenmu mata, in akwai sunan da kuka gada, ku kawo, zan janye nawa.