Ina son sayen waƙoƙi in zuba a iPod ɗin marigayi yayana

Baban Sadiya:
Assalamu alaikum jama'a. Ni direba ne, ina ɗaukar kaya daga Kano zuwa Agadas ta Damagaram. Duk wanda ya san hanyar nan ya san da an wuce Tanut sabis sai ya ga dama, shi ya sa ba na dogara da waya wurin sauraro. Abokiyar tafiyata iPod classic ce mai gig 160, 'yar na'urar sauraron waƙa ta kamfanin Apple, wadda yayana ya zo da ita daga Jidda. Bara Allah ya yi masa rasuwa, matarsa ta miƙo min ita a cikin safa, yadda yake ajiye ta. Bayanta duk ya karce, amma batirin na kai ni wuni. Karatun Alƙur'ani da waƙoƙin da ke ciki shi ya zuba su da hannunsa.

Ɗana ya buɗe min Apple Music a kwamfutarsa, na biya kuɗin wata biyu, waƙoƙin na tashi a kwamfuta amma sun ƙi shiga iPod. Ranar da muka jona ta kuma wani rubutu ya fito, yaron ya ce wai za a goge komai. Gabana ya faɗi, na zare igiyar. Na san masu turi a Farm Centre za su cika min memori da kuɗi kaɗan, na yi shekaru ina haka, amma yanzu so nake in biya, mai waƙa ya samu haƙƙinsa. Ina zan saya, kuma yaya zan zuba ban rasa na yayana ba?

Injiniya Sabon Gari:
Wa alaikumus salam Alhaji. Allah ya jiƙan Yaya, ya sa ya huta. Ka yi dabara da ka zare igiyar nan. Rubutun da kuka gani "Erase and Sync" ne, kuma da an danna shi da magana ta ƙare, domin iPod ɗin da kwamfutar marigayi ta saba.

Kafin komai a kwashe na ciki. Yaron ya jona ta, in tambayar ta fito ya soke, ya buɗe ta kamar filas, ya sa kwamfuta ta nuna ɓoyayyun folda. Zai ga iPod_Control, a cikinta akwai Music. Ya kwafe ta gaba ɗaya zuwa kwamfuta, ya ƙara kwafi a filas. Sunayen za su fito a hargitse, haruffa huɗu-huɗu, kada wannan ya dame ku. Da an jefa su cikin iTunes, manhajar Apple ta zuba waƙa daga kwamfuta, yawanci sunayen asali na dawowa. Sai ya zaɓi zuba waƙa da hannu a saitin na'urar, daga nan ja kawai zai riƙa yi yana sakawa.

Shi Apple Music haya ce. Waƙoƙinsa a kulle suke, ba sa shiga classic, ran da ka daina biya kuma sun tafi. Wurin saye shi ne iTunes Store, cikin manhajar iTunes ɗin dai. Tun 2009 Apple ya cire makulli daga waƙoƙin da yake sayarwa, wadda ka saya taka ce, ko kwamfuta ta lalace kana iya sake saukewa da asusunka. Ka riƙe ta da kyau fa, tun 2014 aka daina ƙera irinta.

Maman Hanif:
Allah ya gafarta masa, Baba. Ni wurin biya na sha wuya. Shagon yana aiki a Najeriya tun ƙarshen 2012, amma dole ƙasar asusunka ta zo ɗaya da ƙasar katinka. Wani ya buɗe min asusu a kan Amurka, kati ya yi ta ƙi har sai da na mayar da shi Najeriya. Ko bayan nan akwai lokacin da bankina ya rufe biyan waje da katin naira. Ka fara gwada waƙa ɗaya tak. Kuma ka binciki mawaƙan da kake so tukuna, don na tsofaffinmu na gargajiya ba duka ake samu ba.

Ɗan Damagaram:
Alhaji, tunda hanyar Agadas kake bi, na tabbata kunnenka ya saba da jitar Buzaye. Duba Bandcamp, shafin sayar da waƙoƙi a intanet. Kamfanin Sahel Sounds na sayar da na mawaƙan Nijar da dama a can, kuma kaso mafi tsoka na kuɗin wurin mawaƙi ko kamfaninsa yake zuwa. Wajen saukewa ka zaɓi nau'in fayil na MP3 ko AAC, classic ba ta karanta FLAC.

Baban Sadiya:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Daren jiya muka kwafe, ya ɗauki fiye da awa biyu, ina zaune kusa da yaron har ya gama. A ciki muka tarar da wani fayil da ban taɓa kai wa gare shi ba: muryar Yaya ce yana biya wa 'yarsa Fatiha, tana maimaitawa. Na tura wa mahaifiyarta da safe. Waƙa ɗaya muka saya kamar yadda Maman Hanif ta ce, katin ya wuce, ta kuma shiga. Jibi zan yi lodi, in na dawo zan duba na Buzayen.