Ƙanwata ta yi musun Almasihu a Jidda, ta ce babu sauran gafara

Salama 'yan'uwa cikin Almasihu, musamman fastoci da dattawa. Ni da ƙanwata muna aiki a Jidda, ni direba, ita aikin gida. Ranar da uwar ɗakinta ta tambaye ta addininta, tsoron kora ya sa ta ce ita ba Kirista ba ce, har ta canza suna. Ba wanda ya tilasta mata, matar ma mutuniyar kirki ce.

Yanzu abin yana cinta. Ta daina addu'a, ta goge Littafi Mai Tsarki daga wayarta, wai ba ta isa ta buɗe shi ba. In na kira, sai kuka. Ta riƙe Matiyu 10:33 da Ibraniyawa 6:4-6 gam, ta ce ƙofar tuba ta rufe mata. Na tuna mata Bitrus, wanda ya yi musun Ubangiji sau uku amma aka damƙa masa kiwon tumaki a Yohanna 21. Sai ta ce Bitrus dare ɗaya ya yi, ita kullum da sunan ƙarya ake kiranta, tana amsawa. Nan bakina ya mutu.

Kun san babu majami'a a Saudiyya, balle faston da za ta zauna da shi. To, tubarta za ta karɓu tana cikin gidan nan, ko sai ta faɗa wa matar gaskiya ko da za a sallame ta? Wa ayar Ibraniyawan take nufi? In ta koma gida, sai an sake yi mata baftisma kafin ta ci Jibin Ubangiji?